Kofin Ɗan Takara Ba Kakar Wasa Ba Ce

A ranar 16 ga Maris 1872, a filin Oval da ke Landan, aka buga wasan ƙarshe na farko a tarihin Kofin FA na Ingila, gasar da ta girmi duk wata gasar ƙwallon ƙafa a duniya. Ƙungiyoyi 15 ne suka shiga. Ɗaya daga cikin biyun da suka kai ƙarshe ita ce Royal Engineers, wato hafsoshin sashen injiniyoyin soja da ke Chatham, inda makarantar horar da su take. Wanderers ta ci su ɗaya da nema. Tun farkon wasa Laftanar Edmund Creswell ya karye a ƙashin kafaɗa, amma bai bar fili ba, domin a wancan zamani babu canjin ɗan wasa.

Ba jarumtar Creswell ce ta sa ake tuna wannan kaka ba. A lokacin, wanda ya sami ƙwallo sai ya sunkuyar da kai ya yi ta yanka har a ƙwace. Sojojin Chatham suna cikin waɗanda suka fara miƙa wa juna ƙwallo da tsari, kowa ya san mazauninsa. Dalilin a fili yake: barikinsu ɗaya, filinsu ɗaya, atisayensu kullum ne. Sun koma wasan ƙarshe a 1874, suka ɗauki kofin a 1875, suka sake kaiwa a 1878.

A Nijeriya ma haka ƙwallo ya yi saiwa. Da aka soma Kofin Gwamna a 1945, ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa, Marine, ce ta fara ɗauka, sannan ta ma'aikatan jirgin ƙasa ta mamaye shekarun da suka biyo baya, har Kano ta zama ta farko daga wajen Legas da ta ɗauke shi a 1953. Ma'aikata ne, da makaranta, da bariki: wuraren da ake haɗuwa kowace safiya, ba kowace shekara huɗu ba.

To, a dubi abin da ake kira raya wasanni a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Zaɓe ya ƙarato, ɗan takara ya sayo riguna ɗauke da hotonsa, a yi mako biyu ana gasa a filin firamare, a raba kofi da 'yan kuɗi, a watse. Ba jadawali, ba mai horarwa da ake biya, ba littafin da za a duba baɗi a ga wa ya ci wa. Shekara 150 bayan wasan Oval ana iya karanta sunayen duk waɗanda suka buga shi. Wasan ƙarshe na gasar unguwa da aka yi bara kuwa sai dai a tambayi mai shayi. Zamfara United ta taɓa taka leda a babbar gasar ƙasa, a filin tunawa da Sardauna da ke Gusau, amma itacen da ba a shuka a makarantu ba dole ya yi ta neman reshe daga wasu jihohi.

Masu iko suna da amsa a shirye: jihar da ake sace mutane, wa ke ta ƙwallo? Amsar tana da nauyi. An kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, an rufe makarantu a Satumbar shekarar, an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu a 2023. Ba wanda zai ce ƙwallo na tare harsashi. Sai dai wannan hujja ba ta taɓa hana gasar ɗan takara ba, ba ta hana gangamin siyasa ba. Abin da ba ya kawo ƙuri'a shi kaɗai take hanawa.

Akwai kuma abin da ya fi ciwo. Hedikwatar Birged ta 1 ta sojan ƙasa tana Gusau, amma yaron Tsafe ɗan shekara 15 bai san soja ba sai a shingen bincike, hannu sama, ana tambayarsa ina za shi. Wanda ke fitowa daga daji, shi kuwa, ya san sunansa, ya san yana bukatar waya da babur. Sojan da ke neman jama'a su ba shi labari ba zai same shi daga bakin wanda bai taɓa gaisawa da shi ba. Gaskiya ne a wasu ƙauyuka ganin yaro tare da soja na iya jawo masa sunan ɗan rahoto, kuma wannan suna kisa ne. Shi ya sa abin ya kamata ya soma daga cikin gari, a ƙarƙashin makaranta, ba a ƙarƙashin kaki ba.

Garuruwan uku suna kan titi ɗaya, wanda ya taso daga Funtuwa ya nufi Sakkwato. Sakandare 12 za su isa a yi kaka guda: wasa kowace Asabar da hantsi, gida da waje, daga ƙarshen damina zuwa kafin zafin bazara, motar 'yan wasa ta dawo kafin la'asar. Bariki ya ba da masu horar da jiki da rakiya a hanya, Ma'aikatar Ilimi ta ba da malami ɗaya a kowace makaranta da littafin rubuta sakamako. Kuɗin duka ba zai kai na motar kwamishina ɗaya ba, kuma ba za a buga hoton kowa a riga ba.