Jigawa: Gwamnati ta sauke bashi, saura magidanta

A cikin watanni uku kacal, bashin cikin gida da ake bin gwamnatin jihar Jigawa ya sauko daga naira biliyan 42 da ɗoriya a ƙarshen shekarar 2023 zuwa kimanin naira biliyan 2 a watan Maris na 2024.

Alƙaluman Ofishin kula da basussuka na Najeriya, wato DMO, sun nuna cewa a wancan lokaci babu jihar da ta kai Jigawa ƙarancin irin wannan bashi a cikin jihohin ƙasar 36.

Sai dai kuma jihar ita ce ta uku a jerin mafiya talauci a binciken da Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar tsakanin 2018 da 2019, inda aka ce kashi 87 cikin 100 na al'ummarta matalauta ne.

Tambayar da wannan ya haifar ita ce ko akwai abin da magidanci a Dutse ko Kiyawa ko Jahun, wanda albashinsa ke ƙarewa tun kafin ya shigo hannunsa, zai iya koya daga yadda gwamnatinsa ta yi.

Yadda aka faro

A lokacin da Alhaji Muhammad Badaru Abubakar ya karɓi mulki daga hannun Alhaji Sule Lamido a watan Mayun 2015, sabuwar gwamnatin ta ce ta gaji nauyin da ya kai naira biliyan 117, akasarinsa kuɗin kwangilolin da aka bayar ba a kammala ba. Ɓangaren tsohon gwamnan bai yarda da wannan lissafi ba.

Ko ma dai mene ne gaskiyar adadin, an tsara ayyukan ne a zamanin da gangar ɗanyen mai ta haura dala 100. Daga tsakiyar 2014 farashin ya faɗi warwas, kason da jihohi ke samu daga Abuja ya ragu, har wasu gwamnoni suka shafe watanni ba su biya albashi ba.

Matakin da gwamnatin Badaru ta ɗauka shi ne ta sake zama da 'yan kwangila, ta nemi ragi a kan ayyukan da aka riga aka bayar, sannan ta tsuke bakin aljihu. Wannan ne ya sa jama'a suka laƙaba masa sunan Mai Kalkuleta, wasu da yabo, wasu kuma da ƙorafin cewa kuɗi ba sa zagayawa a gari.

To amma ba tsimi kaɗai ne ya share bashin a zamanin Gwamna Umar Namadi ba. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma bar kasuwa ta yi wa naira farashi, kuɗin da ake raba wa jihohi sun ƙaru matuƙa.

A watanni ukun da bashin Jigawa ya zube, jimillar bashin cikin gida na jihohi da birnin tarayya ita ma ta sauko daga naira tiriliyan 5.86 zuwa tiriliyan 4.07.

Wanda ya biya farashin

Manufofin da suka cika asusun gwamnatoci su ne kuma suka rarake aljihun talaka. Hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024, shekarar da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70.

Saboda haka yawancin bashin da ke kan jama'a a masarautar Dutse na larura ne: na abinci, na magani, na taki. Manomin da ya karɓi falle da damina domin ya biya da hatsi da kaka, ko ya jinginar da gonarsa, ba za a ce ya yi almubazzaranci ba.

Akwai kuma wani nau'in bashin da ba yunwa ce ke jawo shi ba, wanda ake kira bashin fita kunya, kuma ya fi kama masu albashi da ƙananan 'yan kasuwa.

Uba yakan ci bashin kayan ɗaki da gara domin kada a raina 'yarsa a gidan miji. Ango yakan tara akwatunan lefe daidai da na abokinsa, ko da samunsu ba ɗaya ba ne. Ragon suna, ɗinkin Sallah, ankon biki da sabuwar waya duk suna biyo baya.

Ma'aikacin da ya karɓi rancen banki a kan albashinsa, ana cire kuɗin ne tun daga tushe. Abin da ya rage ba ya kai shi ƙarshen wata, sai ya koma wurin mai kanti, daga nan ya nemi kwasar farko a adashi, wani lokaci har ya faɗa hannun masu ba da rance ta wayar salula, waɗanda cin zarafin da wasunsu ke yi wa mutane ya sa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta kafa musu ƙa'idoji a 2022.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Illar tana farawa ne daga ranar da aka ci sabon bashi domin a biya tsoho.

Hanyar fita

Magidanci ba shi da wani kaso da zai faɗo masa daga Abuja. Abin da zai iya ara daga gwamnati shi ne rabin farko na labarin, wato lissafi.

Matakin farko shi ne a rubuta duk abin da ake bin mutum, da sunan mai shi da lokacin biya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, tana magana ne a kan rubuta bashi.

Na biyu, a daina cin sabo, a kuma fara da sauke wanda ke da ruwa, tunda shi ne ke ƙaruwa ko mutum yana barci.

Na uku, a je a samu masu bin bashin ido da ido, kamar yadda aka yi da 'yan kwangila a 2015. Mai kanti ya fi son a riƙa ba shi kaɗan kaɗan a kan lokaci, da a ce an sauya hanya don gudun haɗuwa da shi. Shari'a ma ta kwaɗaitar da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Mataki na huɗu shi ne mafi ɗaci: sayar da abin da ba dole ba, da rage hidimar biki, da jure maganar mutane. A nan ne da yawa ke sarewa, domin abin da aka saya da bashin tun farko shi ne mutunci a idon dangi da maƙwabta.

Masarautar Dutse ta yi suna wajen tsarin tattara zakka da raba ta tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a watan Janairun 2023, kuma waɗanda bashi ya yi wa katutu na cikin rukunai takwas da suka cancanci zakka. Amma malaman fiƙihu sun gindaya sharaɗin cewa kada ya zama bashin ɓarna, sai fa idan mai shi ya tuba ya bari.

Gargaɗi daga tarihi

Najeriya da kanta ta taɓa fita daga ƙangin bashi. A 2005 ƙungiyar ƙasashe masu ba da rance ta Paris Club ta yafe mata dala biliyan 18, gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo kuma ta biya kimanin dala biliyan 12, aka rufe littafin a watan Afrilun 2006.

Zuwa ƙarshen 2024, jimillar bashin da ake bin ƙasar ta haura naira tiriliyan 144, saboda giɓin da ke tsakanin samu da kashewa bai taɓa rufewa ba.

Wannan haɗari bai tsallake Jigawa ba. Kasafin kuɗin da gwamnatin jihar ta gabatar ya tashi daga naira biliyan 298 na 2024 zuwa biliyan 698 na 2025, alhali mafi yawan kuɗin shigarta daga asusun tarayya suke zuwa. Ɗan bashin da ake bin ta a ƙetare kuma da dala ake lissafa shi, nauyinsa na ƙaruwa duk lokacin da naira ta faɗi.

Masu iya magana na cewa daidai ruwa, daidai tsaki. Za a san ko Jigawa ta riƙe wannan darasi ne a shekarar da kason Abuja zai sake raguwa, kamar yadda za a san na magidancin da ya gama biyan bashi a ranar da aka sa bikin 'yarsa ta gaba.