Mai abinci a wurin wankin mota: a ba ta haya ko a hana?

A Maraɗi ko Damagaram, wanda ya kai mota wanki ba shi da abin yi sai zama a benci yana kallon kumfa. Saboda haka idan mai dambu ko mai shinkafa da wake ta nemi hayar wani lungu, bai kamata mai wurin ya yi saurin hana ta ba. Kuɗin hayar bai taka kara ya karya ba. Ribar tana wani waje: direban da ya ƙoshi ba ya tsayawa a kan yaran wanki yana azalzalarsu, su ma yaran ba sa barin mota da sabulu su tafi neman kalaci.

Sai dai ruwa ne alƙalin maganar. Wanda ke gangarowa daga ƙarƙashin mota yana ɗauke da baƙin mai da omo da laka, feshin inji kuwa iska na kai shi nesa. Dole tukunya ta zauna a tudu, bayan katanga ko zana, inda ruwan ba ya bi. Wurin da ba shi da irin wannan lungu, a ba ta haƙuri, ko nawa za ta biya, domin ranar da cikin wani ya ɓaci, sunan wurin wankin za a ambata kafin nata.

Saura famfo. Da shi za ta wanke kwanoni, takardar kuɗin ruwa kuwa hannun mai wurin za ta zo. A yanke wannan gaban shaidu tun ranar farko, haɗe da maganar bashin da yaran wanki za su riƙa ci.