Wa Ya Taɓa Ba Mai Bandar Kifi Shafi Guda?

Wannan makon ba ƙa'idojin rubutu za mu tattauna ba. Faɗa za mu yi, kuma da kanmu.

Mu duba labaran da muke sakowa a wannan zaure. Jarumar ko 'yar minista ce, ko likitar da ta dawo daga Landan, ko marainiyar da attajiri zai aura a babi na goma. In masunci ya shigo labarin, to tsoho ne mai surkulle da ke hira da aljanun ruwa. Matar da ke tsaye kan murhun banda tun asuba, hayaƙi na cin idonta, ba mu san da zamanta ba, alhali kifinta ne a miyarmu.

Mu ɗauki fadamar da ta tashi daga Haɗeja zuwa Nguru. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar damina da ke cika tafkunan ta ragu, ruwan ya koma tsiyaya kaɗan-kaɗan rani da damina. Abin da kachala ke so ke nan. Ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwalekwale wucewa, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Ga damina ta rikice: wata shekarar fari, wata kuma kamar 2022 ruwa ya cinye gidaje da gonaki a Jigawa. Mu na Kano da muke shan ruwan waɗannan koguna ba mu da bakin cewa abin bai shafe mu ba.

Namiji ne ke jefa koma, ba mu musa ba, kuma manyan dillalai maza ne. Amma a ƙauye, da kifi ya taɓa gaɓa, mafi yawansa hannun mace yake faɗawa. Ita ke gyarawa, ta ƙyafe, ta soya. Ita ta san yadda itace ya yi nisa ya yi tsada. Wani lokacin ma da kuɗin adashinta ake ɗinke taru. Kafin wani mai bincike ya zo da takarda, ita ta riga kowa ganin tarwada ta ƙanƙance, domin ita ke jera ta kan waya kullum. Idan matan gari suka haɗa baki suka ƙi sayen 'ya'yan kifin da aka tace da gidan sauro, ko wanda aka kashe da guba, wace doka ce ta kai wannan ƙarfi? Amma ranar da za a yanke lokacin rufe tafki da buɗe shi, Sarkin Ruwa ne da bulama da ma'aikata a kan tabarma. Ita nata kawo ruwan sha.

Wani zai ce ai mai karatu ba ya son ƙarnin kifi. Wa ya gwada shi? Wani kuma zai ce waɗannan mata ba su da ilimin jagoranci. To a unguwar Chorkor ta birnin Accra, a 1969, da matan da ke bandar kifi aka zauna aka fito da murhu mai hawa-hawa wanda ke cin itace kaɗan, har ya bazu zuwa wasu ƙasashe da sunan unguwarsu. An tambaye su ne kawai, suka faɗi abin da suka sani.

Mu ba mu da kujera a taron masu mulki, amma mu ke zaɓar wanda zai yi magana a shafinmu, kuma kullum ita muke hana wa. Motar Haɗeja na lodi kowace rana a Kano. Wanda bai da kuɗin mota, akwai mai kifi a kasuwar unguwarsu. Mu tambaye ta girman tarwadar bana da ta shekara goma baya, mu kawo amsar a zaren mako mai zuwa, da bakinta, ba da namu ba.