Motar Tana Iyawa, To Direban Fa?

Ranar wata Talata cikin watan Agusta, bayan an kwana ana sheƙa ruwa a Gombe, na fito daga gidan wani ɗan'uwana a unguwar Kumbiya-Kumbiya, sai na tarar da cincirindon yara a bakin wani lungu. Abin da suka kewaye wata sabuwar Hilux ce fara fat, ta wata ƙungiya, ɗauke da akwatunan magani za a kai ƙauye. Ta kafe cikin yashin da ruwan dare ya kwaso ya jibge a hanya. Direban, wani saurayi tsaf-tsaf da shi, sai taka totur yake yi, tayoyin baya suna ta wulwulawa, motar kuwa ƙara nutsewa take yi har cikinta ya kusa taɓa ƙasa.

Ana cikin haka sai wani dattijo ya taso daga bencin mai shayi, ya ce, "Yaro, ɗaga ƙafarka, kabari kake haƙa mata. Ka sa ogzilari kuwa?" Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, tun da aka ba ni motar ban taɓa shi ba, an ce mini shan mai gare shi." Dattijon bai yi masa dariya ba. Ya sa yara suka kwashe yashin da ke gaban tayoyin, ya rage musu iska, ya nuna masa yadda zai murɗa maɓallin zuwa 4L, ya ce ya saki kulaci sannu a hankali kamar mai tsoron tada barci. Wallahi ko minti biyu ba a yi ba motar ta fita. Ashe tsohon direban Landiroba ne.

To, jama'a masu karatu, wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako. Gwamnatoci da ƙungiyoyi da attajirai suna zuba miliyoyin Naira wajen sayen motocin da ke ja da ƙafa huɗu, saboda an san hanyoyin karkararmu, amma ba wanda ke kashe ko sisin kwabo don a koya wa wanda zai riƙe sitiyarin yadda ake aiki da su. An sayi doki mai tsada, an ɗora wanda bai san linzami ba.

Bari in ɗan warware yadda abin yake. Irin su Hilux, a kan kwalta tayoyin baya kaɗai ke tura su, shi ne 2H. In an shiga burji mai santsi ko yashi sai a koma 4H, ƙarfin injin ya rabu tsakanin gaba da baya. Shi kuwa 4L na wurin wahala ne, wato hawan dutse da gangara da fita daga taɓo. Yana rage gudu ƙwarai ya ƙara ƙarfin ja, kuma sai an tsaya cak ake sa shi. Kuskuren da wasu ke yi kishiyar na saurayin nan ne: su sa ogzilari a daji, su manta da shi su hau busasshiyar kwalta. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya tafiya mai nisa, in kuwa an ɗaure su wuri guda kuma ƙasa ba ta santsi, sai ƙarafan ciki su yi ta murɗewa, tayoyi su cinye, a ƙarshe a kwana a garejin makaniki ana zagin kamfanin da ya ƙera motar.

Rage iskar taya kuwa ba tsafi ba ne. Taya in ta yi laushi sai ta shimfiɗu, nauyin mota ya bazu a fili mai faɗi, kamar dai tafin ƙafar raƙumi. Direbobin Agadas da ke ratsa Tenere sun daɗe da sanin haka, ba sa fita sai da shebur da famfon ba da iska. Turawan da suka fara tseren motoci daga Faris zuwa Dakar a watan Disamba na 1978 ta Agadas ɗin suka bi, kuma yashin bai raga wa motocinsu masu tsada ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, Jihar Gombe ba ƙasa iri ɗaya ba ce. Wanda ya nufi Dukku ko Nafada da yashi zai yi fama. Wanda ya nufi wajen Deba zai gamu da baƙar lakar nan da ke tsattsagewa da rani, da damina kuma ta liƙe wa taya ta cike zanenta har ta koma sumul kamar ƙwarya. Wanda ya hau tsaunukan Tula kuwa, matsalarsa saukowa ce: ana gangarowa da giya ta ɗaya, a bar injin ya riƙe motar, ba a taka kulaci, domin da zarar an taka shi nauyin motar duka ya koma kan birki. Kowace ƙasa da nata karatun, amma lasin ɗaya ne a aljihun direba, wanda ya samu bayan ya zaga titunan cikin gari da ƙaramar mota. Gaskiya ne gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya, wadda ta hau a 2019, ta ɗauki shirin gina hanya kilomita 100 a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 11 na jihar. Madalla. Sai dai rugar Fulani da gonar bayan rafi ba za su ga kwalta gobe ba, kuma can ne mai naƙuda ke jiran mota.

Sai batun ruwa, wanda shi ne mai kisa. Birnin Gombe a kwari yake, ruwa na gangaro masa daga tudun Akko, kwazazzaban da zaizayar ƙasa ta haƙa kuma kan cika cikin ɗan lokaci. Mai babbar mota yakan ɗauka shi ruwa ba ya cinsa. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa, wato bai wuce cinyar mutum ba, har manyan motocin nan yakan kwashe. Ƙafa huɗu ba ta da amfani in ƙafafun sun bar ƙasa. Ko a ruwa mai kwanciya ma, in injin ya zuƙi ruwa ta inda yake shaƙar iska, shi ke nan ya tashi aiki. Haka kuma ja da ƙafa huɗu ba ya ƙara wa mota birki ko kaɗan, abin da masu sheƙa gudu cikin ayarin manya ya kamata su sani.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke tantance makarantun koyon tuƙi. Ina ganin lokaci ya yi da za ta haɗa kai da gwamnatin jiha da ƙungiyar direbobi a ware fili a bayan gari, mai yashi da taɓo da gangara, a riƙa yi wa direbobin asibitoci da ma'aikatu horon kwana biyu ko uku kafin kowace damina. Kuɗinsa ba zai kai na gyaran injin guda da ya sha ruwa ba. Malamai ma ba sai an ɗauko daga waje ba, ga su nan zaune a bencin masu shayi, kuma kullum raguwa suke yi.

Da saurayin zai tafi, dattijon ya bi shi da murya ya ce, "Ka tsaya wurin mai faci a mayar maka da iska, ka kuma cire ogzilarin kafin ka hau titi." Ya ce, "To, Baba." Na ga ya tsaya wurin mai facin. Ko ya cire ogzilarin, wannan ban gani ba.