FILIN MANOMA: In Tarakta Ta Yi Zafi, Kada A Matsa Mata

 

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami wani maƙwabcina a nan Tuboro a damanar bara. Ruwan farko ya sauka, mutane biyar suna jiran ya yi musu huɗa da ƙaramar taraktarsa. Da rana tsaka ya ga allurar zafi ta hau ja, ya ce bari dai ya ƙarasa kunya biyu. Bai ƙarasa ba, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Kafin a kawo sabo daga Garwa lokacin shuka ya ja baya, kuma duk manomin auduga ya san shukar da ta makara ba ta cika awo ranar da SODECOTON ta zo saye.

Injin da ruwa ke sanyayawa yana aiki lafiya ne a tsakanin digiri 80 zuwa 95. A watannin Maris da Afrilu kuwa zafin ƙasarmu kan haura digiri 40, ga ƙura, ga ƙaiƙayi da gashin auduga suna toshe ƙofofin lagireto. Iska ba ta ratsawa, ruwa ba ya hucewa. Sai kuma a ɗora wa injin garma a ƙasa mai tauri, ko tirela shaƙe da buhunan masara, a babban giya. In ka ji kukan injin ya yi nauyi, baƙin hayaƙi na fita, to kaya sun fi ƙarfinsa. Koma ƙaramin giya, ka rage zurfin garma.

Kowace safiya, tun inji na da sanyi, a duba abu huɗu: ruwa, baƙin mai, fambel, da ragar gaban lagireto. Baƙin mai shi ma yana kwashe zafi, in ya yi ƙasa ko ya tsufa inji zai gasu. Ruwan kogin Bina mai laka ba na zubawa a lagireto ba ne, domin yana barin dauɗa a cikin bututu. A nemi ruwa mai tsabta. Murfin lagireto ma a duba shi, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100.

Ƙananan injuna masu sanyaya da iska, irin na ban ruwa, ba su da lagireto. Nasu ganyayyakin ƙarfen jikin silinda ne za a share. Injunan gas na ƙasar Sin masu buɗaɗɗen tanki a ka kuwa, tururi a gare su ba laifi ba ne, a dai riƙa ƙara ruwa kada tankin ya ƙafe.

To in zafin ya riga ya hau fa? Tsaya, ɗaga garma. In akwai ruwa kuma fanka na juyawa, bar injin ya yi ta aiki a hankali na 'yan mintoci kafin ka kashe. In fambel ya tsinke ko ruwa ya zube, kashe nan take. Kada ka buɗe murfi da zafi, tururin yana saɓule fata. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, kan na iya tsagewa.

Masu ba yara tarakta su tafi ƙauye aiki, ku gaya musu cewa tsayawar rabin awa ba za ta jawo musu faɗa ba. Tsoron maigida ne ke sa yaro ya ga ja ya ci gaba.

Allah Ya ba mu damana mai albarka. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.