Malam, Wane Tausayi Yaran Suka Koya?

Na karanta rubutunka inda ka ce annobar korona ta zame wa yaranmu makaranta, wai zaman gida ya koya musu tausayi da karatu ta intanet. Da girmamawa, Malam, ban yarda ba.

Waɗanne yara kake nufi? An rufe makarantun Nijeriya a Maris 2020, mafi yawansu ba su buɗe ba sai Oktoba. Ɗan mai hali ya ci gaba da darasi a kwamfuta. Ɗan talaka kuwa sai rediyo, in akwai batir, in kuma ba a tura shi talla ba. 'Yan mata nawa ne ba su koma aji ba? Ba ka tambaya ba.

Batun tausayi ya fi ci mini rai. A watan Afrilun 2020 gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu. Aka loda yara a motoci, wasu ba su kai shekara goma ba, daga Kano zuwa Kaduna, Jigawa da sauransu. Da gwaji ya nuna wasunsu na ɗauke da cutar, sai jihohi suka koma zargin juna. Yaran da ke leƙe ta taga sun ga yadda manya suka yi da marasa gata.

A Oktoba kuma suka ga jama'a sun fasa rumbuna a Jos da Kaduna, cike da abincin tallafin da ba a raba ba, alhali iyayensu sun sha yunwa lokacin kulle. Ka je tsangaya, ka tambayi almajiran da aka kwasa abin da suka koya.