TARIN DA YA WUCE SATI BIYU BA NA SANYI BA NE

'Yan'uwa, duk wanda ya saba zuwa dubiya asibitocin ƙasar Daura ya san wannan kamannin: matashi kwance, haƙarƙari a waje, ido ya faɗa, da gwangwanin tofi a gefen gado. Ka tambayi masu jinya yaushe abin ya fara, sai su ce ai tun hunturun bara yake tari. Wata shida, wata takwas, yana ina? Yana gida ana ba shi maganin kemis da jiƙe-jiƙe, wasu na cewa sanyi ne, wasu na cewa sammu aka yi masa. Ni a ganina wannan jinkirin shi ke kashe mana mutane, kuma mu matasa muna da hannu a ciki, domin mu ake aike kemis.

Tarin fuka, wanda 'yan asibiti ke kira tibi, ba ya ɓoye kansa. Tari ne da ke wuce sati biyu bai tafi ba, da zazzaɓi mai zuwa da yamma, da gumin dare har riga ta jiƙe ko da ana sanyi, da rashin cin abinci, da ramar da kowa zai gani. Wani yakan ji ciwon ƙirji, wani ya ga jini a kakinsa. To a nan ne mutane ke yaudarar kansu, wai tunda babu jini ba shi ba ne. Alhali da yawa ba su taɓa tofar da jini ba har cutar ta ci huhunsu. Ƙwayar cuta ce, wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano ta tun 1882. Ta iska take bi idan mai ita ya yi tari ko atishawa, musamman a ɗaki mai cunkoso mara taga. Sai mu dubi shagunan da samari ke kwana su shida, su bakwai, an toshe ko'ina saboda sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum kusan miliyan 10.8 ne suka kamu a duniya, miliyan 1.25 suka rasu, kuma Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu ita.

Sai dai ba kowane daɗaɗɗen tari ne tibi ba, kuma sunan ma na rikita mu, tunda mai asma shi ma cewa muke yana da fuka. Asma takan taso ta lafa, numfashi na fito kamar usur, kuma ba a ɗaukarta. Akwai kuma lalacewar huhu ta shekara da shekaru, irin ta mai shan taba, ko iyayenmu mata da suka ƙare rayuwarsu a gaban murhun itace cikin hayaƙi. Wannan za ka ga tari da kaki kullum safiya, ga haki daga ɗan tafiya kaɗan, in abin ya yi nisa har ƙafafu su kumbura. Masu zuƙar shisha yau su ji da kyau. Wani ma ya warke daga tibi amma ta bar masa tabo a huhu, tarin bai rabu da shi ba. Yaya mai kemis zai bambance waɗannan da ido? Ba zai iya ba. Gwajin kaki ne da hoton ƙirji ke rabewa, kuma na'urar GeneXpert kan ba da sakamako cikin kamar awa biyu.

Abin takaici, gwajin kakin da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wata shida ake sha: wata biyun farko magani kala huɗu, sauran wata huɗun kala biyu. Ɗaya daga ciki, rifampicin, yakan mai da fitsari ja, kada wannan ya tsorata kowa. Inda ake faɗuwa shi ne bayan wata guda ko biyu, mutum ya ji ƙarfi, tari ya lafa, sai ya jefar da magani ya koma kasuwar Mai'aduwa ko ya tafi cirani Legas. Ƙwayar ba ta mutu ba. Za ta iya dawowa ta ƙi jin maganin farko, jinyar ta ƙara tsawo da wahala, kuma irin wannan mai taurin kan ce zai rarraba wa iyalinsa.

Sannan mu daina gudun majinyaci kamar mun ga kura. Ware masa kwano ba shi ne kariya ba, tunda ba ta kwano take bi ba. A buɗe taga, ya rufe baki in zai yi tari, ya sha maganinsa kullum. Cikin 'yan makonni haɗarin ɗauka ke raguwa ƙwarai. Tsangwamar nan ita ke sa wani ɓoye tarinsa don kada a fasa ba shi aure.

Don haka ɗan'uwa, ko a Zango kake, ko Baure, ko Sandamu, in akwai mai tarin da ya haura sati biyu a gidanku ko makarantarku, ɗauke shi a babur ka kai shi a gwada kakinsa. In ta tabbata, a koma da waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi su ma a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar.